Layin da Ban Goge Ba

Ni ke share aji na tara
a wata makaranta a Toledo, bakin kogi.
Ran nan na makara da kwandon shara,
lasifika ta yi tari, yara suka miƙe,
hannu a ƙirji, fuska ga tuta.

Odalys ba ta tashi ba.
Tafukanta na kan littafin tarihi.
A addininsu, mubaya'a ta Allah ce kaɗai.

Sabon malami, Mista Brandvold, ya haɗe rai:
"Tashi, ko ki tafi ofis."

Sai Terrence ya ɗaga hannu,
shi da yayansa ke soja a ƙetare,
shi da muryarsa ta fi ta kowa wajen rantsuwar.
"Malam, zaman nan nata yana ci mini tuwo a ƙwarya.
Amma abin da ka sa muka haddace ran Talata,
gyaran farko na tsarin mulki,
bai ce sai wanda na yarda da shi ba."

Aji ya yi tsit.
Har hucin injin ɗumama ɗaki na ji.

Malam ya waiwayi allo.
Rubutun hannunsa ne:
baki da ibada, hukuma ba ta sa musu takunkumi.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Shafi na arba'in," ya ce.

Da yamma na dawo da tsumma da bokiti.
Na wanke sunaye, na wanke kwanan wata.
Layin can na sama
na bar shi ya kwana.