Faɗuwar Rana a Tambulan

Ƙarfe huɗu a Scarborough, rana har ta tattara kayanta.
Tsuntsayen teku na ta ƙorafi a kan rufin maƙwabta
kamar masu bin bashi.
Doreen ta ce, "Yau Juma'a, ko?"
Na ce Juma'a ce.
Ta ce, "To, ɗauko lemu."

Shekara arba'in da ɗaya, in ji ta,
Stanley ke haɗawa, ita ke ɗanɗanawa.
Yanzu Stanley na bayan coci, ciyawa ta rufe shi,
hannunta kuwa rawa yake kamar mazari.
Ni Hansatu, 'yar Malumfashi,
wanka da ba da magani aka ɗauke ni yi,
ba wanda ya rubuta wannan a takardar aiki.

Na tsaga lemun zaƙi biyu.
Ƙamshin ya tashi ya mari hancina,
sai ga ni a bakin tasha, ina 'yar shekara tara,
mai lemu na fere ɓawo da reza,
zare ɗaya, dogo, bai tsinke ba.
Na gwada. Nawa ya tsinke sau uku.
Doreen ta yi dariya har haƙoran robarta suka motsa.

Lemun tsami rabi.
Ya sami tsagar da sanyi ya yi mini a yatsa,
na ja tsaki, na tsotse.
Sukari a faranti, a jiƙa bakin tambulan, a kifa,
ya fito da rawani fari.
Ƙanƙara, a ƙasar da ƙanƙara ke kwana a bakin ƙofa!
Na zuba, ta yi ƙara kamar tsakuwa a kwano.

Saura kwalbar.
Tana can saman firji, fara tas,
ka rantse ruwan alwala ne.
Bodka.
Tun makon farko muka yi magana, muka gama:
lemu nawa, wuƙa tawa, ƙanƙara tawa,
kwalba tata.
Ba ta tambaye ni dalili ba,
ni ma ban ce mata likita zai yi faɗa ba,
don ya ce ɗaya a mako, kuma ɗayar ce.

Ta kama wuyanta da hannu biyu
kamar mai riƙe kaza ranar salla.
Rabi ya shiga tambulan, rabi ya bi tebur.
Ta ce, "Wannan rabon Stanley ne."
Na miƙa mata tsumma, ta goge da kanta.

Sai ruwan rumman, ja wur, mai kauri.
"A bayan cokali, Hansatu, a hankali,
kar ki juya!"
Ya gangara ta gefen gilashi ya kwanta a ƙasa,
ja a gindi, ruwan goro a tsakiya,
sama ruwan ɗorawa,
ga koren lemun tsami a baki yana leƙe.
Ranar da garin nan ya hana mu tun safe,
ga ta a kicin, tsawon tafin hannu.

Nawa tambulan daban yake, mai tsaga a gefe.
Lemu, rumman, ƙanƙara,
na ƙara citta da 'yar barkono daga jakata.
In ka jera su ba ka rarrabewa,
shi ya sa na ɗaura wa nawa zare.

Wani lokacin, cikin dare, nakan tambayi kaina
ko matse lemun ma da lissafinsa.
Ban sami amsa ba tukuna.
Na dai san ta cinye abincinta ranar Juma'a,
sauran ranaku sai lallashi.

Ta ɗaga nata wajen taga, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.
"Tsami ya yi yawa."
Ta sake kurɓa.
"Shi ma haka yake yi."

Agogona ya ce magariba ta yi.
Na ajiye nawa a kan hita, ƙanƙarar na narkewa,
na je na wanke hannu,
ƙamshin ɓawo ya ƙi fita.