Wadda Ke Riƙe da Faranti

Daren Alhamis kuran ya dawo a Mokoyo.
Lawali ya hure kaset da bakinsa,
muka ja tabarma gindin bedi.
Inna Habsu na gefe tana ɓarar gyaɗa cikin ƙwarya,
wai ita ba kallo take ba.

Fim ɗin Indiya ne, ya girme ni.
Gidan bene, matakala biyu sun rungume falo,
tsoho mai farin gashin baki, ƴaƴa maza uku,
tukunya ɗaya.
Ba ma jin yarensu, ba mu taɓa nema ba.
In ɗa ya sunkuya ya taɓa ƙafar uwarsa
mun san durƙuso ne ya sake riga.
In matar babban ta ɗaura makullai a bakin zane
Inna kan ce, kanta a ƙasa, "Ta karɓi gida."

Sau tara na gan shi.
Na san inda autan zai ɗauki akwati
ya fita cikin ruwan sama ba laima,
na san inda tsohon zai tuɓe rawani
ya aza gaban mai bin sa bashi.
Nan ne Lawali, ƙato, mai kabu-kabu,
yakan tashi wai ƙishirwa yake ji.

Ba zan ci amanar fim ɗin ba.
Shi ya sa kawuna ya koma gaida wansa
bayan damina biyu suna gaba kan gonar fadama.
Tela Sha'aibu ma ya ci abinci da wuyan rigar amaryar
har ya sayi keken ɗinki na biyu.

Amma daren nan, ana tsakiyar biki,
ganguna, furanni, mata kamar an zubo su daga buhu,
Inna ta ce, "Tsaya. Mai da shi baya."

Can bayan amarya, jikin labule,
wata mace, ta fi kowa duhun fata,
zanenta bai san guga ba,
riƙe da faranti cike da kofuna.
Ba a ba ta waƙa ba.
Sau ɗaya ta buɗe baki, kofi ya kuɓuce mata,
falon ya fashe da dariya.
Mu ma. Sau tara.

"Mi sunanta?"

Lawali ya yi lakkol, ya gaggauta zuwa ƙarshe,
ya bi sunaye da yatsa suna hawa kamar tururuwa.
Ya karanta su duka.
Bai san wanne ne nata ba.

Inna ta hure ɓawon gyaɗa.
"Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan Alhaji Na-Allah,
can unguwar Zariya.
Hoton bikin ɗiyarsu na nan a bango har gobe.
In kun je ku duba gefen hagu,
akwai hannu riƙe da langa.
Nawa ne."
Ba ta faɗa da ɗaci ba,
kamar mai faɗin kuɗin tiya a kasuwa.

Muka bar shi ya ƙarasa.
Autan ya dawo, uwa ta yafe, bashi ya biyu,
suka jeru kan matakala, babba sama, yaro ƙasa.
Na ƙirga su, goma sha huɗu.
Na sake ƙirgawa.
A hannun tsohon akwai shayi, yana ta tururi.
Wani ya hura wutar.

"Ku kashe, kuran ba kyauta ba ne,"
in ji Inna, ta dafa gwiwa ta miƙe.
Kwanonin tuwon dare na jiran ta bakin randa.

Lawali ya dube ni, na dube shi.
Shi ya ɗauki soso.
Ni na riƙe fitila,
na rasa inda zan haska,
kwanon ko fuskarta.