Ambulan Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Matakala ɗari uku da sha ɗaya
daga bakin kogin Jialing zuwa ƙofar asibitinmu.
Tsoho Kuang Defu ne ya ƙirga, ba ni ba.
Shekara talatin yana hawansu da sandar gora a kafaɗa,
yau buhun shinkafa, gobe firijin wani,
har gwiwa ta ce masa ya isa haka.

Ran da ya zo aka miƙo mini ambulan,
a liƙe, arba'in da bakwai a goshinsa.
Na'ura ce ta jefa ƙuri'ar
tun kafin mu san sunan mai shi.
Na farke. Harafi guda ne a ciki.
Na ninke takardar, na haɗiye abin da na gani.

Allura iri biyu ce a tirena.
Ɗaya siririya, ta huda fata ta shige.
Ɗayar dakusasshiya ce,
da ta taɓa jiki sai ta noƙe cikin mariƙinta
kamar kunkuru ya ji motsi.
Ido ba ya raba su, don haka aka ƙera ta.

Kuang ya naɗe ƙafar wando ya kwanta.
Na lalubo gurbin da kakata ta koya mini,
yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa,
sannan na kauce, yadda takarda ta umarta,
na dasa masa kunkurun.
Ya ja numfashi. "Likita Dai, nan ne. Kin same shi."

A ɗaki na gaba Mo Lihua ke tambaya,
ita da ba ta san harafinsa ba:
daga sifili zuwa goma, ina ciwon ya tsaya?
"Takwas. In hadari ya haɗo, tara."
Mako na huɗu, shida.
Mako na takwas ya ɗaga yatsu uku,
ya dire mini jakar lemo a kan tebur,
ya ce hannuna gado ne.

Lemon nan ya yi kwana tara ban ɓare ko ɗaya ba.

Kakata ta rasu tana cewa
akwai koramu sha biyu a jikin ɗan Adam,
allura tana yashe inda ya cushe.
Makaranta ta ce mini yarda daban, hujja daban,
kuma godiyar mutum ɗaya ba ta zama shaida.
Duka biyun na ji. Hannu ɗaya ne gare ni na aiki.

Da bazara aka kwance sirrin,
mutum ɗari biyu da arba'in a kan allo.
Waɗanda aka bari a layin jira, ciwo na nan inda yake.
Na allurar gaske sun sami sauƙi.
Na kunkuru ma sun samu.
Tazarar da ke tsakani akwai ta,
sai dai ba ta fi faɗin farce ba.
Wani ya tafa, wani ya tsuke baki,
Mo ta ce a sake gwaji da mutum dubu.

Na duba jadawalin sama da ƙasa.
Babu gurbin rabin awa da ɗan dako ya kwanta da rana,
babu na tawul mai ɗumi,
babu na wadda ta ce masa, yaya gwiwa?
kuma ta tsaya ta ji amsa.

Ƙa'ida ta ce a sanar da kowa rabonsa. Na kira shi.
"Wato ba ki taɓa huda ni ba?"
"Ko sau ɗaya."
Ya yi shiru, yana shafa gwiwar
kamar mai lallashin jaririn da ya fara barci.
"To, ni kin gaya mini," in ji shi.
"Ita dai kada ki gaya mata."

Na tsaya a taga ina ƙirga masa matakala.
A ta sittin da biyu tururin kogi ya rufe shi.
Na koma tebur.
Ambulan na ɗaya na sabon gwaji yana jirana.