Makulli Bakwai

Makulli bakwai ne a igiyar wuyana.
Biyu ba sa buɗe komai,
gara ta cinye ƙofofinsu tun zamanin Fasto Nomau.
Ban cire su ba, na saba da nauyinsu.

Bakwai da rabi Dogari zai bugi ƙarfen mota
da ke rataye a reshen bedi.
Ƙararrawarmu ke nan.
Ita ke kiran 'yan lakwal ran Litinin,
ita ke kiran masu sujada ran Lahadi,
ba ta taɓa tambayar wa ya biya ba.

Ɗaki ɗaya, aiki biyu.
Asabar da la'asar mu juya bencina su dubi gicciye,
Lahadi da dare mu mai da su gaban allo.
Ran nan Fasto Kefas na wa'azin ɓatacciyar tunkiya,
a bayan jama'a ga lissafin Jumma'a ba a goge ba:
tara a raba bakwai, saura biyu.

Uwar Tanimun ta kawo kuɗin makaranta:
tiya huɗu ta hatsi
da zakara mai ido ɗaya.
Na buɗe littafi, babu layin zakara.
Na rubuta: ta biya rabi.
Ta ce, Madam, sauran sai gujiya ta fito.
Bara ma gujiyar muka jira.

Mushe Barnaba ya tafi Dakoro,
gwamnati ta ɗauke shi.
Wata uku muna ce masa gobe,
matarsa kuwa cikinta bai san gobe ba.
Ban ga laifinsa ba.
Na gaji ajinsa: yara sittin da uku,
alli biyu da guntu.

Kwanon baiko ya zagayo ya dawo hannuna.
Dala biyar, dala goma,
tsohuwar naira da ta tsallako daga Jibiya,
wadda ɗan canji ya yi wa dariya,
maɓallin riga,
sai jika guda, an naɗe ta kamar laya.
Ta Inna Tabita ce, ƙamshin ƙosai ya tona ta.
Dattawa suka zauna kansa har dare:
rufi ko albashi?
Aka tashi da addu'a.
Da daren ruwa ya sauko,
ya zaɓi daidai kan bagade.
Matan zumunta suka zo da robobi.

Daga ƙetare wasiƙa ta iso.
Suna gaisuwa cikin sunan Ubangiji,
suna son hoton yara suna murmushi.
Kuɗin, in ji su, na katanga ne kawai.
Mun gode, mun gina.
Har yau katangar ba ta koya wa kowa baƙi ba.

Ta kanta dai Malam Sha'aibu ya zuro mana tiyo
satin da aka yanke famfo.
'Ya'yansa uku na nan wurinmu.
Bai ce komai ba, sai daga baya:
ku ɗan rage ganga in an kira azahar.
Mun rage.

Jiya mai sa ido ya zo daga ofis,
ya ƙirga bencina, ya leƙa masai,
ya rubuta abin da ya rubuta.
Yana fita, na tarar da Cima a bakin teburina,
Cima da ta shekara biyu ba ta raba ba da da,
ta ɗauki takardar yanke wuta,
yatsa a kan layi,
tana karantawa da Faransanci,
kalma, kalma,
har adadin bashin, har ranar ƙarshe,
ba ta yi tuntuɓe ba.

Ta ɗago tana jiran in ce wani abu.
Na ce sake karantawa.
Ta sake.

Da magariba na kulle ƙofa biyar.
Masu kabu-kabu na ta gudu wajen Bagalam.
Zakaran na ɗaure a gindin bedi,
yana kallona da idon da ya rage.