Jirgin da Ya Koma Daɓe

Ranar Talata aka kawo shi Ikorodu
a bayan tirela, cikinsa a sama,
kamar kifin da ruwa ya janye ya bari.
Shekara goma sha ɗaya yana tsallakar da ma'aikata
zuwa Marina tun gari bai waye ba.
A haƙarƙarinsa akwai rubutun Yarbanci da shuɗin fenti.
Morenike ta ce ma'anarsa: a bi sannu.

Ni ne mai zarto.
Ni da Cindo, haihuwar Agege,
wanda bai taɓa wuce Ibadan ba
amma kullum cewa yake gida zai koma.

Gorar ruwa ba ta da gardama,
ka nuna mata wuta, gobe ta zama bokiti.
Wannan kuwa roba ce da zaren gilashi,
tun ran zubi suka riƙe juna,
ba mai shiga tsakani.
Wuta ta gwada, baƙin hayaƙi kawai ta samu.
Ƙasa ta ƙi ci.
Bolar Ojota ma ta ƙoshi da irinsa.

Morenike, da ta yi karatun abin,
ta ɗaure gashinta, ta miƙo mana takunkumi.
Ta ce abin da ya ƙi narkewa
niƙa shi ake yi.

Muka yanka, muka sassara,
inji ya yi ta tauna har la'asar sakaliya,
wuta ta ɗauke sau biyu, janareto ya karɓa da tari.
Garin fari sol kamar alabo,
amma kada ka yarda da shi.
Ta wuyan riga yake shiga, ya kwana yana cizo.
Na yi wanka uku.
Uwar 'ya'yana ta ce ƙaiƙayi aka biya ni.

Garin jirgi, yashin bakin ruwa,
narkakkiyar ledar fiya wata,
a juya, a zuba a mazubi, a danne.
Bulo ɗari huɗu da ashirin.
Na ƙirga da kaina.

Ran Asabar Baba Semako ya zo, tsohon matuƙinsa,
wai a yanko masa wurin rubutun.
Muka dubi juna.
Cindo ya ɗauko bulo guda ya ba shi.
Tsohon ya jinjina shi a hannu, ya daɗe,
ya ce: ya yi nauyi,
da can iska ma jan sa take yi.
Bai mayar ba. Ya sa a buhunsa.

Sauran muka shimfiɗa a gaban shagon,
inda da taɓo ke cinye takalman mutane.
Jiya da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na tsuguna, ina sosa wuya, ina kallo:
ruwa na bi ta kansa, yana neman ƙofa,
ko ɗigo bai shiga ba.
Har yanzu bai manta aikinsa ba.