Harshen da Na Bari a Bakin Ƙofa

A Buckie aka yanke mini cibiya,
garin da iskarsa ke warin gishiri da kifi,
inda babana Dod ke ɗinkin koma
yana gunaguni da harshen da ba ya cikin littafi.

Malama Rennie ce ta fara.
Na amsa mata da "eh" irin ta gidanmu,
ta ce in sake faɗa kamar 'yar mutane.
Aji ya kwashe da dariya.
Tun ranar nake goge bakina kafin in shiga wuri,
yadda ake goge takalmi a bakin ƙofa.

Shekara goma sha tara a Landan.
Na ƙware a muryar masu karanta labarai,
har wani a ofis ya ce, "Ishbel, ai ba a gane ke 'yar can ce."
Ni kuwa, kaico,
na ce na gode.

Ranar bikina babana ya miƙe,
kwat ɗin haya ta matse masa kafaɗu.
Surukaina suka yi irin murmushin
da ake yi wa yaro mai tilawa.
Uwar mijina ta raɗa mini, "Me ya ce?"
Na ce, "Ni ma ban ji sosai ba."

Na ji.
Cewa ya yi shekara arba'in yana shiga teku,
ba ta taɓa ba shi abin da ya kai ni ba.

Wa ya gaya mana namu abin wasa ne,
zane mai ratsi a jikin gwangwanin biskit,
algaita don masu yawon buɗe ido?
Mu muke riga baƙo yi wa kanmu dariya
don kada tasa ta yi zafi.

Bara muka binne shi.
Hazo ya taso daga ruwa ya haɗiye jiragen kamun kifi,
sai 'yata Kirsteen ta ja hannuna:
"Mama, me Kaka yake kiran wannan?"
Na buɗe baki.
Landan ce ta fito.
Ashe kayan aro ba ya rufe katara.

Tsoho Wattie ne, daga bayanmu,
ya faɗi kalmar, ya share hanci, ya wuce.
Na maimaita ta sau uku, ƙasa-ƙasa,
kamar mai gwada takalminta na yarinta.
Ya matse.
Ban cire ba.