Mayo Kaliyawo

Ka zo Marwa da bazara, ka tsaya kan gada,
ka nuna mini kogin.
Yashi ne fetal. Yara na ƙwallo a tsakiyarsa,
mata sun tona rami suna kwalfar ruwa da ƙoƙo.
Ka dawo da damina. Ko ɗigo bai sauka a gari ba,
can kan duwatsun Mandara aka kwana ana zuba shi,
sai ga shi da asuba, ja wur, da kututture da mushen akuya,
ya raba mutum da rumfarsa.

To, haka jikina yake.

Ni baduku ne, ɗan baduku.
Shekara ashirin basilla ba ta taɓa yi mini gardama ba,
sai wata Litinin, ranar kasuwa,
ta zame daga yatsuna ban sani ba.
Ina kallon hannun, nawa ne,
amma kamar an sa masa safa uku.
Sati biyar, ya sake ni.
Mai maganin da ya ba ni sassaƙe ya karɓi tukwicinsa,
ya ce aikinsa ne. Ban yi musu ba.

Da ya dawo, ta ido ya shigo:
na hagu ya koma kallon duniya ta cikin ruwan koko.
Bayan nan ƙafa. Na riƙa jan ta a Domayo,
wani yaro ya ce, Baba ya sha bilbil da hantsi.
Ni da ban san ƙofar gidan ba!
In na sunkuya kan fata kuwa,
wata wuta ta tsarga daga ƙeya har dunduniya.

Garwa suka ce Yawunde.
Kuɗin mota, kuɗin jirgin ƙasa, ragon Ladidi ya tafi.
Suka zura ni cikin wata na'ura mai ƙugi,
likita ta faɗi suna da Faransanci, mai tsawo, ban riƙe ba.
Ta ce, ka san wayar lantarki
da ɓera ya gaigaye robarta?
Wani lokaci wuta ta wuce, wani lokaci ta tsaya.
Wannan na riƙe.

Abin da ya fi ciwon ciwo
shi ne ranar da na tashi garau.
Hamajoda maƙwabcina ya ce, ai ka warke, barka!
In ce masa me?
Wa ke yi wa kogi barka don ya ƙafe?

Yanzu na san halinsa kaɗan.
Ba ya shiri da zafi, don haka nake yanka fata da asuba,
in ɗinka zuwa hantsi.
Rana ta take, in jiƙa tsumma in ɗora a wuya,
in kwanta gindin darbejiya, ko ana gulmar lalaci.
Mai takalmi ya ce yaushe? In ce, ka leƙo,
ba na yanka wa kowa rana.
'Yata Nenne na rubutawa a tsohon littafin makarantarta:
yau ido, yau ƙafa, yau ba komai.
Na sa ta ƙirga jiya.
Ba komai ya fi yawa.

Sandar tana bayan ƙofa.
Da farko ɓoye ta nake, kamar bashi.
Daga baya na ɗinka mata riga ta jar fatar akuya,
da tuntu a wuya.
In dai za mu yi tafiya tare, gara ta fito da kyau.

Akwai daren da nake kuka, Ladidi ta yi kamar barci take.
Wannan ma na sani.

Yau dai kogin ya ƙafe.
Na bar gada, na cire takalmi, na ratsa ta yashi.
Ya ƙona mini tafin ƙafa, duka biyun,
har na yi tsalle kamar ɗan yaye.
Masu wanki suna dariya.
Ba su san wata nawa na yi
ban ji ƙuna a ƙafar nan ba.